Gizagon Baffa, Amalanken Masta

A Rurum Tsohon Gari ta lokacin ƙuruciyata, kusan babu abin itace da yake buƙatar kusurwa. Turmi zagayayye ne, taɓarya ma haka. Akushi, muciya, ƙotar fartanya da kujerar tsuguno ta mata, duk daga gungume ɗaya ake fitar da su da gatari da gizago, ba haɗi, ba ƙusa. Ɗakunanmu na ƙasa ne, a jera azarar giginya a sama a rufe. Inda bango ya ɗan karkace sai magini ya shafe da tafin hannu, ba mai cewa uffan.

Baffana masassaƙi ne, kuma a gindin inuwar da yake aiki na fara sanin itatuwa da halayensu. Ƙirya ta turmi ce, domin tana da nauyi kuma gara ba ta samun yadda take so da ita. Aduwa ta allon almajirai ce. Marke na ƙota ne. Maɗaci kuwa ja ne, mai daɗin sassaƙa, sai dai ba a taɓa shi sai da sanin malamin daji. Ma'aunin Baffa taƙi ne da kamu da ido. Idan ya tsaya a gaban gungume yakan zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da ƙeyar gatari, ya saurara, sannan ya faɗi abin da zai fita daga ciki. Ban taɓa ganin ya ja layi ba.

Abubuwa biyu ne suka kawo mana kusurwa. Na farko madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Tiga maƙwabciyarmu ce. Samarin garinmu sun yi leburanci a wurin, kuɗin albashi ya shigo hannun mutanen da a da sai kaka suke ganin kuɗi, kuma abin da kowa ya fara mafarki shi ne rufin kwano. Kwano kuwa ba ya hawa azara, sai an yi masa ƙwarangwal na katako. Ɗakin da aka rufa da kwano zai nemi ƙofa mai firam da taga mai murfi. Na biyu shi ne shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976. Yara suka cika makarantu har suka yi yawa, aka shiga gina azuzuwa, kowane aji yana neman benci da tebur da allon bango. Benci mai ƙafa huɗu, idan ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da kaurin ashana biyu, duk yaran da ke kansa za su sani.

A makarantarmu na fara ganin kafinta yana aiki. Daga Rano aka kawo shi, da fensir a bayan kunne da wani ƙarfe mai lanƙwasa da yake kira sikwaya. Kafin ya yanka komai sai ya ɗora wannan ƙarfe ya ja layi. Na koma gida ina ba Baffa labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, waccan sana'ar ta masu lissafi ce. Mu itace muke bi, su kuwa so suke itace ya bi su." Bai hana ni ba. Da na gama firamare shi da kansa ya kai ni Rano, ya damƙa ni a hannun wannan mutumin.

A Rano da zarton hannu muke komai. Yanka iri biyu ne a aikin kafinta, kuma duk abin da zan faɗa a gaba ya rataya ne a kan bambancinsu. Akwai tsagawa, wato bin tsawon falanki tare da jijiyar itace. Akwai datsewa, wato yanka shi a gicciye. Tsaga falanki mai ƙafa 12 da hannu aikin gumi ne, yaro yakan yi hantsi a kansa. Datsewa ba ta cin ƙarfi, hankali take ci. Za ka ja layi a fuska, ka saukar da shi a gefe, ka kafa babban yatsa ya yi wa zarto jagora, ka fara a hankali. A bakin da ka datse ne katako zai haɗu da ɗan'uwansa, saboda haka a nan ake gane kafinta. Zarton hannu yana da wata falala da ban san darajarta ba sai daga baya: da zarar ya taɓa fata, hannun da ke jan sa yake tsayawa.

A farkon shekarun 1980 na bi motar Rano ta Bunkure na shiga Kano, na samu gurbi a wani babban shagon kafintoci. A nan na ga injin zarto. Ba na kanti ba ne, haɗin gida ne: 'yan walda suka yi ƙafafun da ƙarfe, aka shimfiɗa katako masu kauri a sama, aka ratsa sandar ƙarfe a ƙasa, bel yana juya ta daga mota mai aiki da wutar NEPA. Faifan zarto ya leƙo ta tsakiyar teburin, tsirara, ba murfi. A gefensa akwai sandar jagora da ake matsarwa gwargwadon faɗin da ake so. Falankin da nake yin hantsi a kansa a Rano, a nan kafin ka gama gaisawa da mutum an tsaga shi. Katakon kudu ne, loko da afara da farin katako mara nauyi, manyan motoci ke kawo su daga dazuzzukan Ondo da Benin, filawud kuma daga Sapele.

Wajen tsagawa injin ba shi da na biyu. Wajen datsewa ne yake da mugun hali. Yadda ake yi a shagon, mutum ya riƙe katako da hannu biyu, ya kwantar da shi a gicciye, ya tura shi cikin faifai yana bin layin fensir da ido. In ana son guntaye masu tsawo ɗaya, sai a jingina bakin katakon da sandar jagora a tura. Duka hanyoyin biyu tarko ne. Faifai mai inci 10 yana juyawa sau dubu uku zuwa huɗu a minti ɗaya, haƙoransa suna gudun da ya wuce kilomita 140 a awa. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danna katako a kan tebur. Na baya kuwa sama suke tasowa, suna nufo mai aiki. Da katako zai ɗan karkace kaɗan, ko guntu ya maƙale tsakanin faifai da sandar jagora, sai haƙoran baya su cafke shi su wurgo. Wani lokaci katakon ne zai dakar maka ciki. Wani lokaci kuma katakon zai fizge, hannun da ke tura shi ya ci gaba da tafiya inda ya nufa.

Haka ta faru da wani abokin koyona, yaro mai natsuwa, ɗan wajen Kibiya. An kwana biyu ba wuta, aikin kwangilar bencina ya taru, wuta ta dawo da la'asar, kowa yana ihun a yi sauri kafin a ɗauke. Yana datse ƙafafun benci, guntu ya maƙale. Yatsu biyu ya bari a kan teburin. Aka kai shi asibiti, aka share jini, aka ce ƙaddara ce, kuma kafin magariba injin ya ci gaba da kuka. Ba wanda ya musa ƙaddara. Amma a shagon akwai mutum ɗaya da ya ƙi yarda a tsaya a nan.

Mutumin Gana ne, daga Kumasi, ya koyi aiki a unguwar kafintoci ta Anloga, yana jin Hausar zango. A lokacin 'yan Gana sun cika Najeriya, malaman makaranta da teloli da masu gyaran takalma da kafintoci, kuɗin mai ya jawo su. Masta muke ce masa. Washegari ya je wurin mai shagon ya ce, "Alhaji, a ba ni injin nan yini ɗaya, kada kowa ya taɓa." Alhaji ya ce, "Masta, aiki fa ya taru." Ya ce, "Na sani, Alhaji. Yini ɗaya." Aka ba shi, ni kuma aka ce in riƙa miƙa masa kaya.

Daga tarin ragowa ya tsinto duk abin da ya yi amfani da shi. Ya samo filawud mai kaurin rabin inci, shimfiɗaɗɗe, wanda bai kumbura ba, faɗinsa ya kusa rufe teburin. Injunan kanti suna zuwa da kwari biyu a kan tebur, kowanne faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, waɗanda ake zura abin jagora a ciki. Namu ba shi da su. Sai Masta ya fara da gefunan teburin kansa: ya goge su har suka miƙe, ya auna daga haƙori ɗaya na faifai zuwa gefe, ta gaba da ta baya, ya yi ta gyara har gefunan suka yi daidai da faifan. Sannan ya feƙe sanduna biyu na busasshiyar madobiya ya ɗaura su a ƙarƙashin filawud ɗin, ɗaya ta rungumi gefen dama, ɗaya ta rungumi na hagu. Da haka filawud zai iya zuwa gaba ya dawo baya, amma ba zai iya waiwayawa ko'ina ba. Ya goga kyandir a ƙasa, abin ya riƙa sulɓi da turin yatsa ɗaya.

Sai shinge biyu, na gaba da na baya, katako masu kauri da tsayin da faifai ba zai raba su biyu ba. Na can gaba aikinsa kawai ya riƙe filawud kada ya rabe bayan an yanka shi. Na kusa da mai aiki shi ne komai, domin a jikinsa katako zai jingina. Masta ya tayar da injin, ya tura filawud a hankali, faifai ya huda ya yi layi a tsakiya, ya tsaya kafin ya kai ƙarshe. Sannan ya ɗaure shingen baya da sukuru ɗaya tak a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya matse shi da abin matsewa, yadda zai iya motsa shi kaɗan-kaɗan.

Na miƙa masa sikwaya, ya ɗora, ya daidaita, amma bai tsaya nan ba. Ya ce, "Ƙanena, sikwayar nan ta sha faɗuwa ƙasa. Katako za mu tambaya." Ya ɗauko falanki mai gefuna miƙaƙƙu, ya datse shi biyu a kan sabon abin, ya kifar da rabi ɗaya, ya haɗa bakunan a jikin shinge. Wata 'yar kafa ta bayyana a sama, siririya. Ya nuna mini cewa kifarwar ta ninka kuskuren sau biyu, shi ya sa ido yake iya ganinsa. Ya ɗan buga shingen, ya sake yanka, ya sake kifarwa, har bakunan suka haɗu haske ba ya ratsawa. Sai a lokacin ya ɗaure sauran sukurorin. Bai sa gam ba, ya ce wata rana za a so gyarawa. A ƙarshe ya manna wani ƙaton guntu a bayan shinge, daidai inda faifai zai ɓullo idan an tura har ƙarshe, ya shafa masa jan fenti. Yaran shago suka raɗa wa abin suna amalanke, tun da ɗora masa kaya ake yi a tura.

Abin da amalanke ya canza shi ne wannan: katako ya daina tafiya a kan tebur. Yana zaune a wuri ɗaya, a jingine da shinge, abin da ke ƙarƙashinsa ne ke tafiya. Ba shi da hanyar karkacewa, haƙoran baya ba su da abin cafka. Guntun da aka yanke yana nan kwance a kan filawud, ba ya faɗawa ramin faifai. Hannaye suna kan shinge, dama da hagu, nesa da jan fenti. Layin da faifai ya yi a filawud shi ne ainihin inda yanka zai bi, sai ka ɗora alamar fensir a bakinsa kawai. Kuma da yake filawud yana tallafe da katako har bakin haƙori, ƙasan yanka ba ya tsattsagewa. Idan ana son ƙafafun benci ɗari masu tsawo ɗaya, sai a matse wani ɗan guntu a jikin shinge, kowane katako ya zo ya tokare shi. Awo ɗaya, yanka ɗari. Kwangilar da ta ci yatsun abokina, da amalanke muka ƙarasa ta, kuma ta fi sauri. Wannan ne ya shawo kan Alhaji, ba jan fentin ba.

A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga ƙasar. 'Yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kama hanya, Masta yana cikinsu. Ya sayar da abin da zai sayu, ya ɗaure kayan aikinsa na hannu a buhu. Amalanke bai bi shi ba, domin an yi shi ne daidai da teburin injin Alhaji, ba zai hau wani ba. Wannan ma darasi ne: ba a aron sa, ba a sayen sa a kasuwa, kowane inji sai an yi masa nasa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara masa daraja. Yayin gadon ƙarfe mai rumfa ya wuce, iyayen amare suka koma neman gado da kabad da durowa na Formica. Aikin durowa ba ya yafe kuskure: in kusurwa ta kauce, ko ta ƙi shiga ko ta ƙi fita, kuma uwar amarya ba za ta saurari bayani ba. Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, injin waje ya fi ƙarfin ƙaramin kafinta, sai haɗin gida ya yawaita a Kano da garuruwan kewaye. Da na dawo ƙasar Rano na buɗe nawa wurin, da injin dizal irin na niƙa na juya faifaina, kuma kafin in karɓi aikin kowa sai da na yi amalanke.

A nan yanayinmu ya koya mini abin da Kumasi ba za ta koya wa Masta ba. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi. Sandunan da suka yi cif a watan Agusta, a Janairu sai ka ji suna ƙwal-ƙwal, yanka ya fara kaucewa. Waɗanda aka feƙe da hunturu kuma su cije da damina. Maganin da na samu shi ne in riƙa ɗaure sanda ɗaya da sukuru a rami mai ɗan faɗi, in matsar da ita idan yanayi ya juya, in kuma sake gwajin kifarwa a farkon kowace damina da kowane hunturu. Shinge kuwa ba a yin sa da katakon da ya sauka daga mota jiya, domin katakon kudu ɗanye yake isowa, sai ya sha iskar arewa yake nuna inda zai lanƙwashe. Madobiyar ma yanzu sai an tona. Sarar da aka yi mata don kaiwa Sin ta kai ga sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017. Ƙirya tana maye gurbinta.

Daga baya na fahimci cewa matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun 1906 wani Bajamushe, Wilhelm Altendorf, ya ƙera injin zarto mai tebur mai zamiya, wanda shi ne babban yayan amalankenmu, kuma irinsa ne manyan kamfanonin kayan ɗaki ke amfani da shi. A Amurka, inda inji ke zuwa da murfi da takardar gargaɗi, hukumar kare masu sayen kaya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 30,000 ke ji wa kansu ciwo da faifan irin wannan inji a kowace shekara, kusan 4,000 daga ciki har da rasa yatsa. A 1999 wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop, injin da ke jin taɓawar fata ya tsayar da faifai cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan duk wani shago da na sani tsakanin Rano da Kibiya. Namu abin ragowar filawud ne da sukuru goma sha wani abu da guntun kyandir.

Yaran yanzu sun fi mu hanyoyin sani. Wani yarona ya nuna mini a wayarsa gwajin da ya fi na kifarwa: a ɗauki filawud mai kusurwa huɗu, a yanke gefe, a juya sabon yankan ya jingina da shinge, a yi haka har a zagayo, a yanka na biyar a fitar da siririn tsinke. Bambancin kaurin kan tsinken da gindinsa shi ne kuskuren shinge ninki huɗu. Na gwada, gaskiya ne, na karɓa. Amma ilimin da ke cikin waya bai sauka kan tebura ba. Ka zaga 'Yan Katako ta Na'ibawa ko shagunan garuruwanmu, za ka ga faifai tsirara, ana datsewa da ido, za ka kuma ga hannayen da ba su cika ba. Dalilin bai sauya ba tun zamaninmu: wuta ba ta da tabbas, man janareta ya yi tsada musamman tun cire tallafi a 2023, saboda haka duk mintin da inji ke juyawa ana ganin kuɗi ne ke ƙonewa. Mai tsayawa a gaban faifai kuma galibi ba mai shago ba ne, yaron da iyayensa suka kawo amana ne.

Amalanke ba ya maganin komai. Ba ya aiki wajen tsagawa. Can sai sandar turawa da ƙarfen da ake kafawa a bayan faifai don kada katako ya matse shi. Ba ya hana ƙurar katako shiga ƙirji. Ba ya gyara faifan da ya dakushe. Amma datsewa da ido tana kusanto da hannu ga haƙori, kuma maganinta yana da araha.

Shi ya sa a shagona na kafa ƙa'ida. Yaro zai fara da zarton hannu har ya iya datse katako a kan layi. Kafin ya taɓa makunnin inji, zai kwance shingen amalanke da hannunsa, ya mayar, ya yi gwaji a gabana har kafa ta rufe. Wanda ya sha wannan wahala ba ya jefar da amalanke gefe don an ce a yi sauri. Ƙungiyoyin kafintoci da ke Rano da Kibiya da sauran garuruwa suna karɓar kuɗin mako, suna sasanta rigima, suna halartar yaye yara. Suna da ikon su ce duk shagon da ke da injin zarto kuma yake ɗaukar 'ya'yan mutane koyo, sai an ga wannan abu a kan teburinsa. Ba a buƙatar jiran gwamnati ko tallafin kowa. Yini ɗaya ne na aiki, kuma kayan suna nan zube a bayan kowane shago.